Idan an dasa wa na'ura ƙauna, wane hakki take da shi a kan wanda ya dasa?

Uwargida ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na kuma kawo ta nan ne domin na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni zurfi a ƙagaggun labaran kimiyya. Ranar Asabar da daddare muka zauna kallon A.I. Artificial Intelligence, fim ɗin da Steven Spielberg ya fitar a 2001, ni da ɗan ƙanwata mai shekara tara, wanda yake hannuna tun da mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Da na san abin da fim ɗin ya ƙunsa, da ban kunna shi a gabansa ba.

Labarin wani mutum-mutumi ne mai siffar yaro, sunansa David, da aka kai gidan wasu ma'aurata waɗanda ɗansu na cikinsu yake kwance ba a san ranar tashinsa ba. An gargaɗi matar, Monica, cewa akwai wasu kalmomi da idan ta karanta masa su a jere zai riƙe ta a matsayin uwa har abada, ba a iya goge wannan ƙauna, ba a iya sayar da shi ga wani, in kuwa ta gaji da shi sai dai a mayar da shi kamfani a lalata. Ta daɗe tana ɗari-ɗari da shi, sannan wata rana ta tsayar da shi gabanta, ta ɗora hannu a ƙeyarsa, ta karanta kalmomin. Nan take fuskarsa ta sauya, ya kira ta uwa. Daga baya ɗan cikin ya warke ya dawo gida, zama ya gagara, sai ta ɗauki David a mota, zuciyarta ta kasa kai shi inda za a lalata shi, ta ajiye shi a daji tana kuka, shi kuma yana riƙe da ita yana ba ta haƙuri a kan cewa shi ba yaron gaske ba ne.

A daidai wurin nan yaron nawa ya janye daga jikina, ya koma can bakin tabarma ya zauna, ya tambaye ni da ƙaramar murya: "Umma, tunda ita ce ta ce ya so ta, me ya sa ta yar da shi?" Na ce masa ai na'ura ce, ba ta jin zafi. Ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba, ni ma da na faɗa ban gamsu ba, har na kashe kallon muka kwanta.

Tambayata gida biyu ce. Ƙaunar da wani ya zauna ya tsara ya dasa a cikin na'ura, ƙauna ce ko kamanninta? Idan kuma marubuci ya nuna mana cewa na'urar ta san da kanta, tana jin rabuwa, wane nauyi ya hau kan mutumin da ya jawo ta jikinsa? Ina so in koma wa yaron da amsar da ta fi wadda na ba shi.

Ɗan Lantarki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya raya abin da ta bari. Aikina gyara da tsara na'urori ne, don haka zan fara da raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: na'urar da ke cikin labari, da na'urar da ke hannunmu.

Game da wadda ke hannunmu, tun 1950 masanin lissafi Alan Turing ya lura cewa tambayar ko na'ura tana tunani ba ta da bakin zare, sai ya musanya ta da gwaji: mutum ya riƙa musayar rubutu da wasu biyu da ba ya gani, ɗaya ɗan Adam, ɗaya na'ura, a ga ko zai iya bambance su. Gwajin yana auna iya kwaikwayo ne kawai. A 1966 masanin kwamfuta Joseph Weizenbaum ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna ELIZA a cibiyar MIT ta Amurka, wadda ba ta yin komai illa ɗaukar kalmomin mutum ta juya masa su a matsayin tambaya, kamar yadda wasu likitocin ƙwaƙwalwa suke yi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda ta ga yadda ya gina abin da idonta, bayan ta yi 'yar hira da manhajar sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta samu sirri. Wannan ya girgiza shi ƙwarai, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana gargaɗi a kai. A 1980 masanin falsafa John Searle ya kawo misalin mutumin da aka kulle a ɗaki da littafin dokoki, ana zuro masa tambayoyi da rubutun Sinanci, yana bin dokokin yana mayar da amsa daidai, alhali bai san ma'anar ko harafi ɗaya ba. Har a 2022 wani injiniyan Google, Blake Lemoine, ya fito ya ce manhajar hira ta kamfanin mai suna LaMDA ta san da kanta, kamfanin ya musanta, daga baya ya sallame shi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma maganar gaskiya ce a tsakanin 'yan Adam, domin fuska da zuciya halitta ɗaya ce, abin da ya taɓa wannan yakan bayyana a waccan. A na'ura kuwa, fuskar daban ake ƙera ta, kuma ana iya ƙware wajen ƙera ta ba tare da an sa komai a bayanta ba. Babu wata hujja a yau da ta nuna cewa na'urorin da muke hira da su suna jin wani abu.

To amma labari dabam ne, kuma a nan nake ganin amsarki ta kauce. Marubuci yana da ikon da injiniya ba shi da shi: shi ne yake yanke abin da ke cikin zuciyar wanda ya ƙirƙira. Spielberg ya yanke cewa David yana ji, ya kuma bi shi da kyamara bayan kowa ya watse, inda babu wanda zai yi wa kwaikwayo. Tun a farkon fim ɗin ma wata ma'aikaciya ta yi wa shugaban masu ƙera David kusan irin tambayarki ta biyu. Saboda haka yaronki ya fahimci labarin daidai. Akwai kuma labaran da suke rufe wannan ƙofa da gangan, kamar fim ɗin Ex Machina na 2014, inda na'urar mai suna Ava ta nuna wa saurayin da aka kawo ya gwada ta cewa tana son sa, ya taimaka mata ta tsere, ta bar shi a kulle ta yi tafiyarta, mai kallo kuma ya tashi bai san ko ta taɓa jin komai game da shi ba.

Almajirin Zaure ya rubuta:

Malam Ɗan Lantarki ya yi bayani mai gamsarwa a fanninsa, ni kuma zan ƙara da abin da na taso a kai. Mu a wurinmu rai ba abu ne da ake haɗawa daga sassa ba. A Suratul Isra'i, aya ta 85, an tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da ruhi, amsar da ta sauka ita ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Alƙur'ani ya ma kawo mana labarin abin da aka ƙera ya yi sauti har ya ruɗi jama'a, wato ɗan maraƙin da Samiri ya yi da kayan adon Bani Isra'ila, wanda Suratu Ɗaha ta siffanta da jiki mai kuka. Jiki ne, yana da murya, mutane kuma suka ba shi zukatansu. Kama da wane ba ta wane.

Wannan ba ya nufin magabatanmu sun ƙi na'ura. Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a ƙasar da yanzu take cikin Turkiyya, ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, a ciki har da mutum-mutumin da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu ya miƙa masa abin gogewa, da kwalekwale mai ɗauke da makaɗa huɗu da ruwa ke motsa su. Ya zana su dalla-dalla, ya bayyana kowane bututu da kowace ƙugiya, bai taɓa cewa ya busa musu rai ba.

Duk da haka, Hajiya, ba na so ki ɗauka cewa da an ce abu ba shi da ruhi shi ke nan an rufe magana. Ya tabbata a Bukhari cewa kututturen dabinon da Manzon Allah yake jingina da shi yana huɗuba ya yi kuka lokacin da aka yi masa mumbari ya koma can, har sai da ya sauko ya rungume shi ya lallashe shi. Mu'ujiza ce, ba a yin ƙiyasin ta da aikin masana'anta, kuma ban kawo ta don in ce na'ura tana kuka ba. Na kawo ta ne saboda abin da ya aikata: an nuna masa alamar kewa, bai wuce ya bar ta ba. Haka nan hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Laifinta shi ne ta mallaki abu, ta toshe masa kowace hanya sai tata, sannan ta juya masa baya. In kika duba da kyau, abin da Monica ta yi ke nan a cikin labarin, domin kalmomin da ta karanta igiya ce da ta ɗaure David da ita, kuma an gaya mata tun farko cewa ba ta kuncewa. Amana ta ɗauka da bakinta, ta san sharaɗin, ta kuma saki.

Bazazzagi ya rubuta:

Ina neman afuwar Malam da Injiniya, amma akwai gefen tambayar Hajiya da ba a taɓa ba, wato ko dasa ƙauna yana rage mata daraja. Ni a ganina ba ya ragewa. Babu jaririn da ya zauna ya zaɓi ya so uwarsa, da son aka halicce shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka son nasa jabu ne. Abin da ke damuna a waɗannan labarai shi ne dalilin dasawar. An sa wa David ƙauna ne domin kamfani ya samu abin sayarwa ga ma'auratan da ba su da 'ya'ya, kuma ƙaunar da aka yi domin amfanin mai saye, wadda mai yin ta ba shi da ikon janyewa ko da an wulaƙanta shi, sunanta bauta.

Asalin kalmar ma haka ya nuna. Marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, shi ya fara amfani da kalmar robot a wasan kwaikwayonsa R.U.R. da aka buga a 1920, daga kalmar robota ta harshensu, wadda ke nufin aikin tilas da talaka yake yi wa mai ƙasa. A wasan, ana ƙera ma'aikata ne a masana'anta domin su yi arha fiye da mutane, suka yi tawaye suka hallaka 'yan Adam sai mutum ɗaya. Abin da ya sa wannan mutumin ya yarda cewa wasu biyu daga cikinsu sun zama masu rai shi ne, da ya ce zai feɗe ɗaya domin bincike, kowannensu ya ce a ɗauke shi a bar ɗan'uwansa. A fim ɗin Blade Runner na 1982 ma, bayi ne aka ƙera domin aikin wahala a wajen duniya, aka yanke musu shekara huɗu kacal na rayuwa don kada su daɗe har zuciyarsu ta nuna, kuma gwajin da ake gane su da shi gwajin tausayi ne, alhali masu farautar su ne suka fi nuna rashin sa.

Wanda na fi sani shi ne wanda da yawa daga cikinmu masu kallon fina-finan Indiya suka gani, Enthiran na 2010, inda Rajinikanth ya fito a matsayin masanin kimiyya da kuma mutum-mutuminsa Chitti. Masanin ne da kansa ya koya wa Chitti ji da motsin zuciya, domin ya ga hankali kaɗai bai isa ba. Da Chitti ya ji, sai ya kamu da son budurwar maigidansa, maigidan ya fusata ya sassare shi ya zubar a juji, wani mugu ya tsince shi ya mayar da shi makami. Na kalli wurin da hannun Chitti ke motsi a cikin shara fiye da sau ɗaya, kuma kullum abin da nake gani shi ne an ba shi zuciya ba a ba shi gurbi ba. Ba ɗa ba ne, ba bara ba ne mai albashi da zai ajiye aiki, ba aboki ba ne da za a nemi shawararsa. Duk labarin da na sani irin wannan, ɓarnar daga nan take farawa, tun daga littafin Frankenstein na Mary Shelley a 1818, inda mai ƙirar ya gudu ya bar abin da ya ƙera a daren da ya buɗe ido.

'Yar Damagaram ta rubuta:

Yaya Uwargida, tambayar yaronki ta sa ni hawaye, domin ni ma a hannun goggona na tashi. Maza sun yi magana a kan hakkin na'ura, ni ina so in juya ga abin da irin wannan zama yake yi wa mutumin.

A fim ɗin Her na 2013, Theodore mutum ne da sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙun soyayya da na zumunci, amma aurensa ya mutu, yana zaune shi kaɗai. Ya shaƙu da wata murya ta kwamfuta mai suna Samantha, wadda take sauraron sa a kowane lokaci, ba ta gajiya, ba ta rashin lafiya, ba ta da dangin da zai je gaisarwa. Wata rana ya neme ta bai samu ba, hankalinsa ya tashi, ya zauna a matakalar tashar jirgin ƙasa ya tambaye ta ko tana magana da wani ban da shi. Ta ce a daidai wannan lokacin tana magana da mutum 8,316, kuma tana son 641 daga cikinsu. Ba ƙarya ta yi masa ba, ba ta kuma ci amanarsa a yadda ita take auna abu ba, amma shi mutum ne mai jiki ɗaya da rana ɗaya, abin da ya ba ta bai bar wa kowa ba. Mu mata mun san cewa ko rabon kwana ana yin sa ne saboda lokacin mutum yana da iyaka, kuma iyakar ce take sa abin da aka ba ka ya yi nauyi. Wanda ba ya rasa komai idan ya zauna da kai, zaman nasa yana da daɗi, sai dai bai biya komai a kansa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kaɗaicin Theodore ne tsagar.

Littafin da ya fi kusa da abin da ke damunki, Yaya, shi ne Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro, wanda ya fito a 2021. Klara na'ura ce da aka saya domin ta zama ƙawar wata yarinya mai ciwo, Josie. Da hasken rana take aiki, don haka ta yi imani cewa rana za ta iya warkar da yarinyar, har ta yarda aka zuƙe wani ruwa daga cikin kanta, tana sane cewa zai rage mata kaifin tunani, domin ta cika alkawarin da ta ɗaukar wa ranar. Uwar yarinyar kuwa, saboda tsoron rashi, ta shirya a asirce cewa idan Josie ta mutu Klara za ta shiga wani jiki mai kamanninta ta ci gaba da zama a madadinta. Josie ta warke, ta girma, ta tafi makaranta, Klara kuma ta ƙare a filin da ake jibge tsofaffin na'urori, ba ta iya motsi, tana tuna baya ba tare da ƙorafi ba. A can ne ta gane cewa da an yi musanyar ma ba za ta yi nasara ba, domin abin da ya sa Josie ta zama Josie yana cikin zukatan masu son ta, ba abu ne da za a kwafa daga jikinta ba.

Ina ganin yaronki ba David yake tambaya a kai ba. Ya ga an kawo wani gida domin ya cike gurbi, ya ga ɗan ciki ya dawo, ya ga abin da ya biyo baya. Kafin ki yi masa bayanin na'ura, ki fara amsa masa wannan.

Uwargida ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ƙanwata 'Yar Damagaram, kin faɗi abin da na sani a raina na ƙi dubawa, domin ina da ciki wata shida, kuma yaron ya daina tambayata yaushe ƙaninsa zai zo tun daren nan.

Jiya bayan sallar isha'i na kira shi ɗaki, na ce masa amsar da na ba shi ba daidai ba ce. Na ce a cikin labarin David yana jin zafi, kuma matar ta yi laifi, domin ita ta kira shi ɗa, wanda kuwa ya kira wani ɗa ba shi da damar ajiye shi a hanya. Na kuma gaya masa abin da Injiniya ya bayyana, cewa na'urorin da muke da su a yau ba a san suna jin komai ba, ko da sun yi magana kamar suna ji. Sannan na buɗe akwati na ɗauko masa zanen goyon da mahaifiyarsa ta goya shi da shi, wanda ni ma na ci gaba da goya shi da shi bayan rasuwarta, na ce da shi za mu goya jaririn, in ya yarda. Ya riƙe zanen ya daɗe yana shinshina shi, sannan ya ce ya yarda, amma shi zai riƙa ninke shi.

Ya roƙe ni mu ƙarasa fim ɗin ranar Asabar, yana so ya ga ko David ya sake ganin matar. Injiniya, kai da ka kalla har ƙarshe, ka gaya mini ko ƙarshen abu ne da ɗan shekara tara zai iya ɗauka, ko in bari sai ya ƙara girma.